Yadda Ake Nemo Likitan da Aka Amince da Shi Don Gwajin Lafiyar Biza Daga Birnin Kebbi

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya shigo mini da wata ambulan mai ruwan ƙasa, yana ta fara'a. Ya samu gurbin digiri na biyu a Ingila, kuma saura 'yan makonni ya miƙa takardun biza.

"Kawu, ga takardar lafiyar, an gama."

Na zaro ta na haska da waya. Ga tambarin asibiti a sama, ga hatimi shuɗi, ga sa hannun likita, an rubuta cewa ba shi da tarin fuka. Na ce, "Yaushe aka ɗauki hoton ƙirjinka?"

"Ai ba a ɗauka ba, Kawu. Mutumin cewa ya yi ba sai na wahala ba, shina da hanya."

Mutumin wani mai shagon shirya wa mutane tafiya ne. Da na tambayi nawa ya ba shi, sai yaron ya sunkuyar da kai yana murza hula. Ban matsa ba. Abin da na ce masa a daren shi zan faɗa a nan: ko da likitan da ya fi kowa ƙwarewa a Najeriya ne ya duba shi da gaske, takardar nan ba ta da amfani muddin sunan asibitin ba ya cikin jerin da gwamnatin Birtaniya ta fitar da kanta. Ƙasar da za ka ita ke zaɓen likitan da za ta yarda da maganarsa, kuma ta rubuta sunayensu a fili inda kowa zai gani kyauta.

Muna da manyan asibitoci a nan, Sir Yahaya da asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi, ga na Kalgo, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Akwai likitocin da za ka ba amanar ranka a cikinsu. Amma wannan gwajin ba nasu ba ne, kuma ba raini ya jawo hakan ba. Ofisoshin shige da fice na waje suna son likitan da suka ƙulla yarjejeniya da shi, wanda suke zuwa duba na'urorinsa, wanda yake aika musu sakamako kai tsaye ta kwamfuta ba tare da ya bi ta hannun matafiyi ba. Yawancin irin waɗannan cibiyoyi a Abuja da Legas suke. Don haka tun yanzu ka sa a ranka cewa akwai tafiya a gabanka kafin babbar tafiyar.

Da farko: wace ƙasa, wace irin biza, tsawon wane lokaci

Kafin ka nemi likita, tabbatar ana ma buƙatar gwajin. Na ga wanda ya kashe kuɗi a kan gwajin da ba a tambaye shi ba.

Birtaniya gwaji ɗaya take nema daga wanda ke zaune a Najeriya, na tarin fuka, kuma sai idan zamanka zai kai wata 6 ko fiye. Ɗalibi, ma'aikacin jinya, matar da za ta bi mijinta, duk sai sun yi. Wanda zai je ziyarar mako biyu ko bikin yaye ɗansa ba ruwansa da shi.

Kanada ta fi zurfafawa. Mai neman zama na dindindin sai ya yi cikakken gwaji, shi da matarsa da 'ya'yansa da ke ƙarƙashinsa, har waɗanda ba za su bi shi yanzu ba. Wannan ya sha kama mutanenmu: mutum ya bar iyali a Argungu yana tunanin ba su cikin lissafi, sai a ce a kawo su. Ɗalibi ko ma'aikacin da zai wuce wata 6 shi ma yana yi, haka wanda zai yi aikin asibiti ko kula da yara ko da zamansa gajere ne. Ostareliya tsarinta ya yi kama da na Kanada.

Amurka ba ta neman gwaji ga mai bizar ziyara ko ta karatu a bisa al'ada. Mai bizar ƙaura ta dindindin ne ke yi, kuma ƙaramin ofishin jakadancinta na Legas ne ke kula da irin wannan biza a Najeriya. Wani abu a gefe: an cire Najeriya daga cacar bizar Amurka tun zagayen 2015. Duk wanda ya ce ka ci caca da fasfon Najeriya da haihuwar Najeriya, ka kawo kuɗin gwajin lafiya, ka riƙe aljihunka.

Sai ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda mutanenmu suka fi zuwa neman abinci: Saudiyya, Kuwait, Katar, Oman, Bahrain. Su nasu tsarin daban ne, zan zo kansa. Kada dai a haɗa shi da tantancewar da hukumar alhazai ke yi wa maniyyata. Ta hajji a jiha ake yi, kuma ba ta shiga takardun bizar aiki.

Na biyu: ɗauko jerin daga bakin mai shi

Nan ne gaba ɗaya maganar take. Kada ka karɓi sunan asibiti daga ejan, ko daga zauren WhatsApp, ko daga abokin da ya tafi shekara uku da suka wuce. Jerin yana canzawa, ana ƙara wasu ana cire wasu. Buɗe shafin gwamnatin ƙasar da idonka. Idan wayarka ba ta ja, shiga shagon intanet ka zauna kusa da yaron da ke bugawa, kana kallon allon.

Hanyar gane shafin gaskiya ita ce ƙarshen adireshinsa. Na Birtaniya gov.uk ne. Na Kanada canada.ca, wasu shafukansa kuma suna ƙarewa da gc.ca. Na Amurka travel.state.gov da shafin ofishin jakadancinta mai ƙarewa da .gov. Na Ostareliya homeaffairs.gov.au. Idan ka yi bincike a Google, sakamakon farko sau da yawa talla ne, na masu karɓar kuɗi su yi maka abin da za ka iya da kanka cikin minti goma. Tsallake su.

Kalmar da za ka buga ita ce "panel physician", sunan da Kanada da Amurka da Ostareliya ke kiran irin wannan likita ke nan. Ka haɗa da sunan ƙasar da za ka da kuma Nigeria. A shafin Kanada akwai wurin zaɓen ƙasa, kana danna Najeriya sai sunayen likitoci da biranensu da lambobin asibitocinsu su fito. Na Birtaniya kuwa ka nemi shafin cibiyoyin gwajin tarin fuka na Najeriya a gov.uk.

Sunan da za ka fi cin karo da shi shi ne IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, wadda aka kafa a 1951 ta kuma shiga ƙarƙashin inuwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2016. Tana da cibiyar gwajin lafiyar matafiya a Asokoro ta Abuja da kuma Ikeja ta Legas. Akwai wasu asibitoci masu zaman kansu a jerin wasu ƙasashen, galibi a Legas. Ga ɗan Kebbi dai Abuja ta fi kusa, kuma a ganina babu dalilin wuce ta sai idan ƙasar da za ka ta tilasta maka Legas ko kuma ranakun Abuja sun cika.

Ka lura da abu guda: kasancewar asibiti a jerin Kanada ba ya nufin yana jerin Birtaniya. Kowace ƙasa da nata. Haka kuma a tsarin Kanada likitan ne kansa ake amince wa, ba duk likitocin ginin ba. Idan ka kira, ka faɗi ƙasar da za ka tun a jimlar farko.

Mai neman ƙaura zuwa Amurka ya bi takardar umarnin da ke zuwa tare da ranar ganawarsa da jami'in biza, sunayen likitocin suna ciki. Kada ya ruɗe da "civil surgeon" da fom I-693 da zai gani a intanet, waɗannan na mutanen da suka riga suka shiga Amurka ne suke neman gyara zamansu daga can.

Masu zuwa aiki ƙasashen Larabawa

Tsarin gwajin nasu tsofaffin matafiya GAMCA suke kiransa, yanzu sunansa Wafid, kuma majalisar lafiya ta ƙasashen Gulf ce ke tafiyar da shi a wafid.com. Bambancinsa da sauran shi ne a tsarin da aka saba ba kai ke zaɓen asibiti ba. Za ka shigar da ƙasar da kake, birnin da kake so daga waɗanda shafin ya nuna, ƙasar da za ka, lambar fasfo da irin aikin. Ka biya ɗan kuɗin rajista da kati, sai kwamfuta ta fitar maka da takarda ɗauke da sunan cibiyar da ta zaɓa maka. Can za ka, kuma kuɗin gwajin kansa daban ne, a can ake biya.

Gwajinsu ya fi na Turawa tsanani ta wani fanni. Ana duba ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, tunjere, hoton ƙirji, da gwajin ciki ga mata. Sakamakon kalma ɗaya ce, ko ka dace ko ba ka dace ba, kuma yana zama a kwamfutarsu a ƙarƙashin lambar fasfonka. Za ka iya duba shi da kanka a shafin.

Ga abin da ejan ba zai gaya maka ba. Ko an yi dabara an samo maka sakamakon ƙarya a nan, idan ka sauka Saudiyya sai an sake gwada ka kafin a ba ka igama, wato takardar izinin zama. Abin da aka ɓoye a nan can zai fito, a maido ka gida, kuɗin gona ko shanun da aka sayar sun tafi. Shi ya sa nake ba duk mai wannan niyya shawara ya fara zuwa asibitinmu na gida a gwada masa ciwon hanta da ƙanjamau kafin ya ba kowa ko kwabo. Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a cikinmu, kuma mutum kan yi shekaru da shi yana noma yana kokawa bai sani ba. Idan kana shakkar wata takarda ko wani ejan, Saudiyya na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙarami a Kano.

Na uku: lissafin lokaci

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wannan gorar idan ka fafe ta da wuri ma sai ta bushe ta tsage. Kowane sakamako yana da wa'adi. Takardar tarin fuka ta Birtaniya wata 6 take aiki daga ranar da aka ɗauki hoton. Gwajin Kanada wata 12. Na Amurka galibi wata 6, kuma bizar da za a ba ka ba za ta wuce ranar ƙarewar gwajin ba, wato dole ka shiga ƙasar kafin ranar. Na ƙasashen Larabawa ya fi duka gajarta, don haka kada ka yi shi sai takardun kafilinka sun iso.

A Kanada hanya biyu ce. Ko ka miƙa takardunka ka jira su aiko maka da wasiƙar umarni da fom IMM 1017, daga nan kana da kwana 30 ka je. Ko kuma, a wasu nau'o'in biza, ka yi gwajin tun kafin ka miƙa, likitan ya ba ka wata takarda mai lamba ka haɗa da sauran. Karanta umarnin nau'in bizarka ka ga wanne ya shafe ka. Ostareliya kuma sai ka fara samun lambar da suke kira HAP ID daga asusunka na neman biza, babu ita cibiyar ba za ta karɓe ka ba.

Shawarata ga ɗalibai masu shiga ajin Satumba a Ingila: ku yi gwajin wata uku zuwa huɗu kafin lokacin miƙa takardu ya ƙure. Dalili biyu ne. Daga Yuni zuwa Agusta ɗalibai ke yin dafifi, ranaku su yi wuya. Na biyun kuma shi ne gwajin kaki, wanda zan yi bayaninsa a ƙasa, mai cin wata biyu cur.

Na huɗu: kama rana da biyan kuɗi

Ba a zuwa haka kawai a shiga layi kamar asibitin gwamnati. IOM na da shafin kama rana a intanet, sauran asibitocin kuma ta waya ko imel ɗin da ke cikin jerin gwamnati. Yi amfani da imel ɗinka da lambar wayarka, ba na mai shago ba, don idan aka ga wani abu a hotonka ta nan za a neme ka. Na san wanda saƙon kiransa ya kwana mako uku a akwatin imel ɗin yaron shago.

Rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake a fasfo. Mu nan muna da matsalar Muhammad da Mohammed da Muhammadu, da Abubakar da ya koma sunan mahaifi a wata takarda ya zama na yanka a wata. Fasfo shi ne alƙali. Idan fasfon ya kusa ƙarewa, sabunta shi tukuna a ofishin shige da fice, don lambarsa ce za ta hau takardar gwajin.

Farashi yana sauyawa da faɗuwar naira, kuma ya bambanta da ƙasa da shekarun mutum, don haka ka ɗauke shi daga shafin cibiyar a ranar da za ka biya. Ka biya ta hanyar da cibiyar ta bayyana, a asusun da ke ɗauke da sunanta. Duk wanda ya turo maka lambar asusu mai sunan mutum ya ce shi ma'aikacin wurin ne zai sama maka rana da wuri, ɓarawo ne. Buga rasit da takardar ranar a takarda, kada ka dogara da waya, caji na iya yanke maka a bakin ƙofa.

Na biyar: abin da za ka ɗauka da kuma hanyar

Fasfo na asali, ba kwafi ba. Takardar rana da rasit. Wasiƙar umarni ko lambar da ƙasar ta ba ka. Hotunan fasfo idan cibiyar ta nema. Masu zuwa Ingila su rubuta cikakken adireshin inda za su sauka ko na makarantar, ana tambaya. Tabarau idan kana sawa. Idan kana shan maganin hawan jini, suga, sikila ko farfaɗiya, tafi da kwalayen da takaitaccen rahoto daga likitanka na gida. Nan ne asibitocinmu ke da babbar rawa. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya nemo katin shan maganinsa da tsohon hoton ƙirji, sun fi komai daraja a jakarsa.

Masu zuwa Amurka su tattara katunan rigakafi, nasu da na yara, don tana buƙatar shaidar alluran ƙyanda, shan-inna, ciwon hanta da wasu bisa shekaru. Wanda ba shi da kati za a yi masa a can, da kuɗinsa. Katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kad, shi kuma daban ne: sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa na ma'aikatar lafiya ta tarayya ke bayarwa, yana fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai.

Daga Birnin Kebbi zuwa Abuja ta Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora tafiyar wuni ce. Kada ka sa ranar gwaji ta zama ranar tafiya. Ka bi motar asuba kwana ɗaya kafin, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a makon, kuma kada ka yarda dare ya same ka a kanta, kowa ya san dalili. 'Yan uwanmu na Gusau su bi ta Tsafe, Funtuwa, Zariya zuwa Kaduna, inda mai so zai iya hawa jirgin ƙasa daga Rigasa. Mai hali ya duba ranakun jirgin sama daga filin Sir Ahmadu Bello ko na Sakkwato. Kada ka sayi tikitin dawowa na yammacin ranar gwajin. Bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani, ka kuma riƙe kuɗin masauki na kwana uku ko huɗu a gefe ko da za a ce ka tsaya.

Ranar gwajin

Ka isa da wuri. Za a duba fasfonka a ƙofa, a ɗauki hotonka a ciki, ka sa hannu a takardar amincewa. Ana sake duba fuskarka da fasfo a ɗakin hoto da ɗakin jini, saboda an sha tura wani ya tsaya a madadin wani.

A ɗakin hoton ƙirji za a ba ka riga ka sauya. Cire sarƙa, carbin wuya, laya ko guru, duk abin da zai fito a hoton ya zama inuwa. Ɗan yayata ya ba ni labarin wani dattijo a gabansa da ya tsaya gardama a kan layar da ke ɗaure a damtsensa, sai da ma'aikaciyar ta lallashe shi cewa minti ɗaya ne, ya riƙe abinsa a aljihun wando. Mata su ɗaure kitso sama, su cire rigar mama mai ƙarfe. Za a ce ka manna ƙirji da allon, ka ja numfashi ka riƙe. Shi ke nan. Macen da take son a samu wata mace a ɗakin yayin da likita ke duba ta tana da haƙƙin ta nema, kuma gara ta faɗa tun lokacin kama rana.

A tsarin Birtaniya yaran da ba su kai shekara 11 ba galibi ba a yi musu hoto, likita ne ke duba su ya yi wa iyaye tambayoyi, amma dole a kawo su. Mai juna biyu ta faɗa kafin a shiga ɗakin hoto. Tana da zaɓi: a yi hoton da ƙarin kariya bayan wata ukun farko, ko ta bayar da kaki, ko ta jira sai ta haihu.

Na Kanada ya haɗa da awon tsawo da nauyi, hawan jini, ido, sauraren ƙirji da tambayoyin tarihin lafiya. Hoton ƙirji daga shekara 11, jini na ƙanjamau da tunjere daga 15, ana kuma iya neman gwajin fitsari. Mutanen bakin ruwa, Yawuri, Ngaski, Shanga, Argungu, ku kula da maganar fitsarin nan. Wanda ya tashi yana wanka a gulbi yana iya ɗauke da tsargiya, jini ya fito a fitsarinsa ko da ido ba ya gani, sai a ce a maimaita ko a ƙara bincike. Gwada fitsarinka a gida wata guda kafin tafiya, maganinta ba shi da wuya. Mata kuma su guji kama rana a kwanakin al'ada saboda wannan dalilin. Ka sha ruwa sosai, ka sha maganin hawan jininka kamar kullum, ka kwana da wuri, don gajiyar hanya da fargaba kan ɗaga awon.

Idan likita ya tambaye ka, faɗi gaskiya. Yawancin cututtukan da mutane ke ɓoyewa ba sa hana biza a ƙasashen Turawa. Amurka ta cire ƙanjamau daga cututtukan da ke hana shiga tun Janairun 2010. Ƙarya ita ce mai hanawa. Takardar bogi ko yaudara na iya jawo haramcin shekara 10 a Birtaniya, shekara 5 a Kanada, a Amurka kuma har abada. Kuma kada ka tsaya roƙon likita ya taimake ka, ba shi ke yanke hukunci ba, rahoto kawai yake turawa jami'an ƙasar.

Idan aka ga tabo a hoton

Wannan shi ne abin da ke tsinka zuciyar mutane, kuma sau da yawa ba komai ba ne. Tsohon ciwon huhu da ya warke tun yarinta yana barin tabo. Wanda ya yi shekaru cikin ƙurar haƙar zinare, kamar 'yan uwanmu na Anka da Maru, ko cikin ƙurar dutse, huhunsa kan nuna alama. Hoto ba ya iya bambance tsohon tabo da ciwo mai rai, don haka sai a ce ka bayar da kaki.

Safiya uku a jere za ka zo cibiyar, tun kafin ka karya, ka yi tari mai zurfi a gaban ma'aikaci ka tofa a kwalba. Kakin ƙirji ake so, ba yawu ba. Ba za su karɓi wanda ka kawo daga gida ba, kuma ba za su karɓi sakamakon wani asibiti ba. Daga nan a shuka shi a ɗakin bincike a jira mako 8, don ƙwayar tarin fuka a hankali take tsiro. Babu kuɗi ko sanayyar da ke gajarta wannan jiran. Kana iya komawa gida bayan kwana ukun, a kira ka. Ɗalibin da wannan ya same shi ya rubuta wa makarantarsa a ranar, ya nemi a ɗaga masa lokacin isa ko a mayar da shi zangon gaba.

Idan ba a ga komai ba, a ba ka takardarka. Idan an ga ciwon, magani kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati da ke kowace ƙaramar hukuma, wata 6 ga nau'in da aka saba. Sai dai kafin ka fara, tambayi likitan cibiyar inda suka yarda a sha maganin da irin rahoton da za ka kawo musu, don wasu ƙasashen, musamman Amurka, suna son a sha shi a gaban ma'aikacin da suka amince da shi. Bayan ka gama a sake gwada ka.

Bayan an gama

Na Birtaniya takarda ce mai hotonka ake ba ka a hannu, sau da yawa a ranar ko washegari idan hoton ya fita lafiya. Kafin ka bar harabar, zauna ka karanta ta: suna, ranar haihuwa, lambar fasfo, ranar ƙarewa. Gyaran harafi ɗaya kana tsaye a wurin minti kaɗan ne, daga Birnin Kebbi kuwa wata tafiyar ce. Ka ɗora kwafinta a cikin takardun biza, ta asalin kuma ka riƙe ta a jakar hannu ranar tafiya, ana iya tambayarta a filin jirgi.

Kanada da Ostareliya ba a ba ka sakamako ka kai, likita ne ke turawa ta tsarin eMedical. Abin da za ka karɓa shi ne takardar shaidar cewa ka yi, mai ɗauke da lambarka. Adana ta, ka riƙa duba asusunka na biza. Na Amurka ko a tura ta kwamfuta ko a ba ka ambulan a liƙe. Idan ambulan ce, kada ka buɗe, kada ka bar yara su taɓa ta, haka za ka miƙa ta ranar ganawa.

Ɗan yayata ya kama rana a Abuja da wayarsa a nan tsakar gidana, muna zaune a tabarma. Ya bi motar asuba ranar Lahadi, aka ɗauki hotonsa Litinin da safe, Talata da yamma ya dawo da takardar. Ta farkon kuwa na sa ya yayyaga ta a gabana, don kada wata rana ta ɓuya cikin fayil ɗinsa a ɗora ta bisa kuskure. Mai shagon har yau bai maido masa kuɗinsa ba, kullum sai ya ce ya dawo jibi.